Fito Ka Ga Gari: Nasiha ga Sabon Zuwa Kano

Da ku nake, ƙannena maza da mata, waɗanda karatu ko aiki ko aure ko hidimar ƙasa ta ɗauko daga garuruwanku ta sauke a Kano. Wani daga Gusau, wata daga Azare, wani daga Maraɗi ko Damagaram, wani ma daga nan kusa, Gumel ko Malumfashi. Daga Litinin zuwa Juma'a hankalina a kwance yake a kanku, domin aji ko ofis ko shago ya riƙe ku. Asabar da Lahadi su ne damuwata. Matasa da yawa sukan yi shekara huɗu a garin nan, su karɓi takardar digiri su koma gida, alhali abin da suka sani na Kano bai wuce tashar da suka sauka da titin makaranta da wani wurin cin abinci guda ba. In hutun mako ya zo sai a saki labule, a kwanta da waya a hannu, a wuni ana kallon garuruwan wasu. Da yamma kuma a ce ai garin babu wurin zuwa.

Wannan magana tana yi mini ciwo, domin ba gaskiya ba ce, kuma mai faɗinta shi ne a ƙasa. Na san kewar gida ba wasa ba ce. Mutum yana tsakiyar miliyoyin jama'a, amma ko zai kwana uku bai leƙo waje ba babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Daga nan zuciya take fara ƙunci, barci ya rikice, a tsani garin da mutanensa ba tare da sun yi laifin komai ba. Ɗaki ba ya maganin wannan, ƙara shi yake yi. Garin da kake shan ruwansa, kake neman abinci ko ilimi a cikinsa, yana da haƙƙi a kanka ka san shi, kuma sanin nasa da ƙafa ake yi da baki.

Ka fara da unguwar da kake kwana. Kafin ka tambayi hanyar madatsar Tiga, ka san layinku. Ka fita da ƙafa bayan la'asar, yau ka bi wannan kwana, gobe ka bi waccan, har ka san inda masallacin Juma'a yake, da kemis, da mai faci, da gidan mai unguwa, da filin da samari ke buga ƙwallo. Ka tsayar da mai shayi guda ka riƙa zuwa wurinsa ko da kana da abin dafa ruwa a ɗaki, domin ba shayin kaɗai za ka sha ba. Ka lazimci masallaci guda har a san fuskarka. Ranar da aka yi rasuwa a layin, ka je ka zauna a tabarmar gaisuwa ko ba ka san mamacin ba. Ranar ɗaurin aure ka tsaya a shafa fatiha da kai. A irin waɗannan wurare ake daina ce maka yaron nan na gidan haya, a fara kiran sunanka. Wanda kuwa aka san sunansa, shi ake cewa: gobe za mu ƙauye, ko za ka raka mu?

Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar ma iyawa ce. In ka ce wa Bakano ina wurin shaƙatawa, zai ɗauka inda ake kashe kuɗi kake nufi, sai ya kwatanta maka wani babban kanti ko wurin shan askirim a Nasarawa, ka duba aljihunka ka koma ɗaki. Sauya tambayar. Ce masa: Baba, in baƙo ya zo muku daga nesa, ina kuke kai shi? Da kuna yara, ina kuke zuwa ranar sallah? Wace kasuwar ƙauye ce take ci gobe? Wace unguwa ce ta fi iya gurasa? Kuma ka san wa za ka tambaya. Maigadin ofishinku, da masinja, da direban a-daidaita-sahu mai furfura, da dattijon da ke kishingiɗe a zaure, sun fi abokin aikinka mai mota sanin garin nan nesa ba kusa ba. Taswirar waya tana da amfaninta a manyan tituna, amma da zarar ka kutsa lungunan cikin gari sai ta bar ka a tsaye. Abin da kuke gani ana yayi a TikTok da Instagram kuwa, mai abin sayarwa ne ya biya aka tallata masa. Marini da maƙeri da badukun Kurmi ba su da mai yi musu talla, ga shi kuma su ne abin gani.

In za ku ji tawa, fitar farko ta zama hawan Dala. Dalilina shi ne Kano gari ne shimfiɗaɗɗe, wanda ke yawo a cikinsa a mota ba ya gane gabas da yamma, sai dai sunayen kwanoni da gadoji. Ka je da sassafe ko bayan la'asar, ka bi matakalar a hankali. In ka kai sama garin zai bayyana a gabanka kamar tabarmar da aka baza: ga Goron Dutse can yana fuskantarka, ga hasumiyoyin Masallacin Juma'a na cikin gari kusa da fada, ga gidajen ƙasa a cunkushe a gindin dutsen, ga dogayen benaye can wajen Fagge da Sabon Gari, ga jirgi yana gangarowa zai sauka. Ka nemi wani ɗan unguwar ya nunnuna maka, ka ce ya nuna maka wajen da kake zaune. Daga ranar ba za ka ƙara jin garin ya fi ƙarfin kanka ba. Ka kuma tuna a ina kake tsaye. Masu haƙar tarihi sun samu alamun narka tama a gindin dutsen nan tun wajen ƙarni na 7. A nan Barbushe ya zauna yana jagorancin bautar Tsumburbura kafin Musulunci ya kafu, kuma Tarihin Kano ya sa zuwan Bagauda, sarkin farko, a shekarar 999. A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya hau dutsen nan ya zana hoton birnin daga sama. Mutum ya ratso Sahara a kan raƙumi don ya ga wannan, kai kuwa kuɗin a-daidaita-sahu kawai ya raba ka da shi. Sai dai ka zaɓi lokaci: in hunturu ya kankama hazo yakan rufe komai, amma washegarin ruwan sama a damina har ƙauyukan bayan gari za ka hango.

Daga nan sai badala. Ɗaliban tsohuwar harabar Jami'ar Bayero kullum suna wuce ta a mota, kaɗan ne suka taɓa sauka su dafa ta. Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar a farkon ƙarni na 12, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa ta, har ta kewaye birni da gonaki da kududdufai, saboda ko an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci. Ka bi ta da ƙafa wata safiya daga Ƙofar Na'isa, ka wuce Gadon Ƙaya da Dukawuya har Kabuga, wajen da sojojin Ingila suka shigo a watan Fabrairun 1903 lokacin da Sarki Alu ba ya gari. Za ka ga inda ta rage da tsayinta, za ka kuma ga inda aka ɗebe ƙasarta aka yi bulo, da inda aka yanka fili aka kafa shago. Ƙofofin da yawa an rushe su an sake su da siminti don a faɗaɗa titi. Wannan abu yana ƙona mini rai, shi ya sa nake cewa ku je yanzu. Abin da idonku zai gani a bana, ba lallai ƙannenku su tarar da shi ba.

Kasuwar Kurmi kuwa wuni guda ba ya isarta, kuma kada ka shige ta kai kaɗai a zuwan farko. Nemi ɗan gari ya yi maka jagora. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta, kuma nan ce ta zama matattarar fataken da ke zuwa daga Borno da Agadas da Gwanja da Arewacin Afirka. Yau manyan kuɗi sun koma Kwari da Singa da Sabon Gari, amma abin da ya rage a Kurmi babu shi a wani wuri. Ka tsaya a layin masu kayan doki ka ga sirdi da linzami da likkafa, ka tambayi sunan kowane ado, domin ranar hawa za ka gane abin da kake kallo. Ka leƙa wurin dukawa, da 'yan tagulla, da masu littattafan addini inda almajirai ke sayen Ahalari da Ishiriniya, da masu turare, da masu saiwoyi da sassaƙe. Ba dole sai ka saya ba, amma ka yi sallama, ka gaisa, ka nuna kana son sani. Dattijon da ke zaune a rumfar da ya gada daga kakansa ba abin da yake so irin ya samu yaro mai tambaya. In yunwa ta taso, Jakara tana nan gefe, ka ci gurasa bandashe a inda aka san ta.

In kun fito daga kasuwar, ka ce wa jagoranka ya riƙa faɗa maka sunayen unguwannin da kuke ratsawa, ka kasa kunne. Ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Ayagi ta Yarabawa. Ga Dandalin Turawa da Alfindiki inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna da hajarsu. Ga Madabo ta malaman Wangarawa da suka zo daga Mali, ga Sharifai da ake danganta ta da zuriyar Shehu Magili, malamin da ya zo a zamanin Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki. Wannan ne abin da na fi so sabon zuwa ya gane. Kakannin mutanen da kake gani a yau kana jin su ne 'yan gari na asali, da yawansu baƙi ne irinka. Sun sauka a zango, sun fito kasuwa, sun yi abokai, sun yi aure, har aka sa wa unguwa sunansu. Don haka ka daina tafiya a takure kana jin kai bare ne. Kano ta saba da baƙo tun kafin a haifi kakan kakanka.

Karofin Ƙofar Mata ma kada a ba ka labarinsa. An ce tun 1498 ake rini a wurin. Ramuka ne masu zurfi a ƙasa, ana zuba ruwa da baba da toka da katsi, a bar su kwanaki su nuna. Ka tsaya ka ga yadda marini ke tsoma ƙyalle ya ɗago, ya bar iska ta buge shi, launin ya juye daga kore zuwa shuɗi a kan idonka, ya sake tsomawa, haka har ya kai duhun da ake so. Zanen da ke fitowa a jiki aikin mata ne a cikin gidaje, su suke ɗaure ƙyallen da zare kafin a kawo. Kusa da nan za ka ji ƙarar masu bugu suna dukan tufa a kan gungume har ta yi sheƙi. Ku 'yan Nijar musamman, wannan sana'a ta shafe ku: baƙin rawanin nan mai walƙiya da Buzaye ke ji da shi, wanda ake kira ɗan Kura, daga ƙasar Kano ake kai shi. Ramuka da yawa yanzu sun mutu an bar su, domin atamfar kamfani da rinin kwalba sun karya kasuwar. In ka je, kada ka tsaya a ɗaukar hoto kawai. Sayi ko ɗan ƙaramin ƙyalle ne ka kai wa mahaifiyarka tsaraba, ko ka kawo tsohuwar rigarka a sake mata rini. Mutanen nan ba don kallo suke zaune a rana ba, abinci suke nema.

Akwai gidaje uku da nake so kowane ɗalibi ya shiga kafin ya bar garin. Gidan Makama yana daura da fada, ginin ƙasa ne mai ɗaurin guga wanda aka ce Rumfa ya zauna a ciki tun yana Makama, yanzu kuma gidan tarihi ne. A can za ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi, da hotunan Kano na farkon zuwan Turawa. Ka lura da sanyin ɗakunan ko da rana ta take, sa'an nan ka tambayi kanka abin da muka samu da muka guje wa ginin ƙasa gaba ɗaya. Na biyu Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a nan a 1909. Duk wanda ya riƙe biro a Arewa yana da alaƙa da wannan gida, ko yana son tarihin ko ba ya so. Na uku gidan Mumbayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, kabarinsa ma yana ciki, kuma yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero. Ka je ka ga irin gidan da jagoran NEPU da PRP ya rayu a ciki, ka auna da gidajen da 'yan siyasa ke ginawa a yau. Ba sai kowa ya yi maka lacca ba. Ka tambayi ranaku da lokutan buɗewa kafin ka tafi, ka kuma riƙe ɗan abin da za ka ba wanda ya zagaya da kai.

Sauran kasuwanni kowace da abinta, kuma shiga kyauta ne. Dawanau a hanyar Katsina ta hatsi ce, manyan motoci na lodi zuwa Nijar da Chadi da Kudu. Mariri ta goro, 'Yankaba ta kayan miya, 'Yan Lemo a Na'ibawa ta 'ya'yan itace. Mai son ƙwallo ya je filin Sani Abacha a Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars ke wasa a gida, ya zauna cikin masu ihun sai masu gida, zai fito da abokai ko bai nema ba. Akwai dambe a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari, ga Gidan Zu na Audu Bako ga mai yara, ga ɗakin karatu na Murtala Muhammad ga mai son shiru da littafi, inda marubuta ma sukan haɗu su karanta wa juna abin da suka rubuta.

Abin da baƙi suka fi yin sake da shi shi ne lokutan gari. Wasu abubuwan sau ɗaya ko sau biyu suke zuwa a shekara, in ka kuskure sai baɗi. Na san kowa yana ɗokin yin sallah a gida, amma ko sau ɗaya ne a zamanka, ka roƙi iyayenka izini ka yi ta a Kano. Ranar sallah sarki yakan fito Idi a Ƙofar Mata. Washegari da yamma Hawan Daushe, wanda ake ƙarewa da jahi a Ƙofar Kudu, hakimai suna sukuwa ƙungiya-ƙungiya suna tsayawa cak a gaban sarki da jinjina. Rana ta uku da safe Hawan Nasarawa, inda sarki ke kai ziyara gidan gwamnati ya ratso ta Sabon Gari da Fagge. Sa'an nan Hawan Ɗorayi a ƙaramar sallah, Hawan Fanisau a babba. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan hawa cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sai dai a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi saboda rikicin sarauta da batun tsaro, don haka ka saurari rediyo kafin ka fita. Mako guda bayan Mauludi akwai Takutaha, ranar da jama'a ke tururuwa zuwa Dala, a watan da ke biye kuma akwai maukibin Ƙadiriyya da ke tashi daga Kabara. Malamai suna da saɓani a kan wasu daga cikin waɗannan, kowa ya bi fahimtar da ya natsu da ita. Abin da nake so kawai shi ne ka san ranakun, ko don kada ka fito ka tarar an rufe hanya ka rasa dalili.

In ƙafarka ta saba da birni, sai ka leƙa bayan gari. Ku haɗa kuɗin mota ku huɗu ko biyar ku nufi Tiga, madatsar ruwan da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. A hanya ka buɗe ido a Kura da Kadawa: koren da kake gani tsakiyar rani, shinkafa da alkama da tumatir, ruwan Tiga ne ke bin magudanai yana shayar da su. In lokacin tumatir ne ka tsaya a Kwanar Gafan ka ga kwanduna jere ana lodi zuwa Legas, ka tambayi manomi nawa ya sayar da kwando, ka tuna nawa ake sayar maka da ɗan kashi a unguwa. Ɗalibin tattalin arziki zai koyi abin da babu a allo. Duwatsun Rurum a ƙasar Rano suna kusa da nan. Wanda ke da hutun Juma'a ya je karar shanu ta Wudil, ranar Lahadi kuma kasuwar Dambatta take ci. Mai ƙarin hali ya kai Daura ya ga rijiyar Kusugu, ko Birnin Kudu ya ga zanen mutanen da a jikin duwatsu.

A nan dole in ja kunne. Ruwan dam ba kududdufin unguwa ba ne, yana da zurfi da sanyi da laka a ƙasa, kada zugar abokai ta sa ka faɗa. In kwalekwale ya cika, ka haƙura ka jira na gaba. A ƙarshen 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, aka rasa rayuka da dama, galibinsu yara 'yan Islamiyya. Dazuzzuka irin Falgore kada ka shiga don ka ga hoto mai kyau a waya, sai ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a wannan makon, domin labarin bara ba ya aiki. A cikin gari kuma ƙwacen waya gaskiya ne: kada ka riƙa latsa ta a bakin titi da duhu ko a cikin turmutsutsu, in kuma an tare ka da makami ka bayar, ranka ya fi ta. Duk inda za ka, wani ya san inda ka nufa. Ka fita da wuri, magariba ta yi maka a unguwarku. Ban faɗi wannan don ka koma ka kulle ƙofa ba, na faɗa ne don ka je ka dawo lafiya ka sake fita.

Yanzu ke ƙanwata da aure ya kawo. Halinki ya fi na kowa tsaya mini a rai. Ɗalibi yana da 'yan ajinsu, ma'aikaci yana da 'yan ofis, ke kuwa 'yan kai amarya sun juya sun bar ki a gidan da ba ki san kowa ba, maigida ya fita tun safe sai dare. Akwai matan da suka shekara biyar a Kano ba su san komai ba sai hanyar asibiti. Ki shiga maƙwabta ki gaishe su tun a makonnin farko, ki nemi Islamiyyar matan aure ta unguwa, domin a can za ki samu wadda za ta raka ki Kwari ko Rimi ta nuna miki rumfar da ba a cuta. In an yi suna ko biki a layi ki leƙa da ɗan abin hannunki. Ki kuma faɗa wa maigidanki a fili cewa kina son ganin gari, wannan ba rashin kunya ba ne.

Kai kuma ango, da kai nake da babbar murya. Ka ɗauko 'yar mutane daga cikin danginta da ƙawayenta, ka ajiye ta, sa'an nan Asabar ta yi ka tafi majalisa tun hantsi sai bayan isha'i. In ta fara yawan kuka ko faɗa ka ce ta canja hali. Ba ta canja ba, kaɗaici ne ya ci ta. Ka ɗauke ta ku hau Dala tare, ku shiga Gidan Makama, ku je gaishe da dangin da ke wata unguwa, ku tsaya a hanya ku sayi tsire. Kuɗin bai kai abin da kake kashewa a katin waya ba. Kuma in 'ya'ya sun zo, uwar da ta san gari ita ce za ta iya nuna musu shi.

Duk inda kuka shiga ku tafi da ladabi. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, musamman mata da almajirai, kuma a nisanci ɗaukar wuraren jami'an tsaro. Cikin gari ba harabar jami'a ba ce, a sa suturar da ta dace da idon dattawa. Kada a yi wa Kananci dariya, kada kuma a cika mutane da mu a garinmu ba haka ake yi ba. Wanda ya zo koyo, kunnensa ya fi bakinsa aiki.

Ku kuma 'ya'yan Kano da ake turawa wasu jihohi hidimar ƙasa, kada ku ce ban da ku. Na san abin da aka saba: a sauka Ibadan a zarce Sabo, a ci tuwo a Sabo, a yi hira a Sabo, shekara ta ƙare ba a san komai na Yarabawa ba sai kuɗin mota. Zama cikin 'yan'uwa yana da daɗi kuma yana da kariya, ban ce a bar shi ba, amma a riƙa fitowa. Wanda aka tura Jos ya shiga gidan tarihinta, akwai sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi badalar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Wanda aka tura Abekuta ya hau dutsen Olumo, in ya sauko ya shiga kasuwar Itoku da ke gindinsa, ya ga rinin adire da matan garin suka gada, ya tambaye su yadda suke haɗa nasu baban da yadda suke fitar da zane, ya kuma sayo ɗaya ya kawo wa marinan Ƙofar Mata su gani.